Hannun Hagun Gwaggo Asabe

Duk matashin da aka turo ɗakinmu koyon aiki, a satin farko raina mu yake yi. Ya ga bokitin ruwa, ya ga bandeji mai farin gari, ya ga tsoho ya yi dumu-dumu har gwiwar hannu kamar mai yaɓen ɗaki, sai ya ce a ransa ai wannan ko magini ya iya. Ba na jin haushinku, ku masu koyon aiki, don ni ma haka na ce ranar da na baro ƙauyenmu Balan, a ƙasar Gaya, na shiga babban asibiti a birni da takardata a aljihu. Na ɗauka wata uku ya ishe ni in ƙware in nemi wani aikin mai ɗan daraja. Sai da na yi shekara talatin da 'yan kai a bakin bokitin nan, kuma har na ajiye aiki na dawo Gaya ban gama koyo ba.

Aikinmu shi ne ɗaure gaɓa da filasta mai daskarewa, wadda mutanenmu ke kira siminti. Shi ya sa har yau a kasuwar Gaya in ka ce Malam Isyaku ba wanda zai gane, sai ka ce Mai Siminti. Ɗakinmu yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin hoton ƙashi, inda ba mai zuwa sai wanda ciwo ya kawo. Likita ya yi tiyata a gode masa, har a kai masa zabi gida. Mu kuwa mutum ya zo yana nishi mu ɗaure shi, ya dawo bayan sati shida yana tsoron zarto mu kwance shi, ya fita ko waiwaye babu. Na saba cin abincin rana ni kaɗai a kan bencin marasa lafiya, ina kallon bango.

Baba Lawan ne ya koya mini, wani dattijo mai ƙarancin magana da saurin hannu. Da ruwa ya fara. In ruwan ya yi ɗumi da yawa simintin zai kama kafin ka gama, ya kuma ƙona fata, don shi kansa zafi yake yi in yana daskarewa. In ya yi sanyi ƙalau, ka wuni riƙe da hannun mutum. Sai shafe. Da tafin hannu ake yi, ba da kan yatsa ba, don duk inda ka danna yatsa ka yi wa mutum tudu daga ciki, tudun nan kuwa gyambo ne nan da sati biyu. In ya ga yatsana ya lotsa simintin, da gindin almakashi yake ƙwanƙwasa mini bayan hannu, bai damu da wanda ke kallo ba.

Akwai wata ɗabi'arsa da na ɗauka tsufa ne kawai. Ba ya yar da simintin da ya cire sai ya jujjuya shi, ya shinshina, ya duba inda ya yi dauɗa, inda ya cinye, inda ruwa ya taɓa. Daga nan zai gaya maka wannan ya koma gona tun sati na biyu, wannan a gefen hagu take kwanciya, wannan tana da goyo. Yakan ce mutane suna ɓoye wa likita abubuwa da yawa, amma suna mantawa ba su ɓoye wa simintin ba. Ni dai in toshe hanci in ce to, Baba.

Karaya ba ta da wuya. Mutum ya faɗo daga kan babur, a gyara ƙashi, ka ɗaure, Allah ya haɗa. Hannun da ke gwada mai siminti shi ne na masu amosanin gaɓɓai, irin wanda jiki ke cin gaɓɓansa da kansa. Mata ya fi kamawa. Yakan fara da sanƙarewar yatsu da safe, hannu biyun duka, mace ta kasa ɗaura zane sai rana ta ɗaga. A ƙauye a ce sanyi ne, a yi tsaga, a yi gashi, a sha saiwa, shekaru na tafiya. Kafin ta iso wurinmu yatsun sun karkace sun nufi wajen ƙaramin yatsa, wuyan hannu ya kumbura ya zame, fata ta koma kamar ɓawon albasa. Irin wannan fatar ba na kai mata zarto, da almakashi nake bi a hankali ko da layi zai kai bakin ƙofa. Wani lokaci ƙashin da ya cinye yakan yi kaifi, ya riƙa goge jijiyoyin da ke ɗaga yatsu har su tsinke, ƙaramin yatsa ya fara faɗuwa, na kusa da shi ya bi. In an zo da wuri magani ke tsayar da cutar. In an makara sai wuƙa. Likita ya kankare naman da ya kumbura, ya datse kan ƙashin mai kaifi, ya ɗinke jijiyar da ta tsinke a jikin mai lafiya ta kusa da ita. In kuwa wuyan hannun ya lalace gaba ɗaya, sai a haɗe ƙasusuwan da ƙarfe su zama ɗaya. Ciwo ya tafi, ƙarfi ya dawo, amma wuyan hannun ba zai sake lanƙwasuwa ba. Yadda aka ajiye shi ranar, haka zai zauna har mutum ya mutu.

Saboda haka kafin a yi irin wannan aikin, likitan da nake aiki da shi yakan turo mini mutum in ɗaure hannun daidai yadda za a tsayar da shi, ya je gida ya yi sati biyu a haka, a ga ko zai iya zama da shi. Gwaji ke nan. Abin da aka saba shi ne a ɗan ɗaga bayan hannun sama, irin yadda yake in mutum ya riƙe ƙotar fartanya, don a haka riƙo ya fi ƙarfi. In ya dawo ni zan tambaye shi, ni kuma zan gaya wa likita a bar shi haka ko a sauya. Lokacin Baba Lawan ya riga ya ajiye aiki, ɗakin ya zama nawa, kaina ya ɗan fara girma.

Gwaggo Asabe daga Toranke ta zo, a farkon damina. Ba gwaggona ba ce ta jini, ƙawar mahaifiyata ce tun suna kai faifai kasuwar Gaya tare, ta goya ni ba sau ɗaya ba. Saƙar faifai da tabarma ce sana'arta kafin ciwon ya raba ta da kaba. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana can kudu da iyalinsa, shi ya ɗauki nauyin aikin amma bai samu zuwa ba. Ita kaɗai ce a gidan, sai Hansatu, matar maƙwabcinta, da ke leƙo ta. Hannun dama ya karkace amma yana aiki. Na hagun ne ya lalace, wuyan ya zame ya sunkuya ƙasa, yatsu biyu sun faɗi, ko mayafi ya goge shi sai ta runtse ido. Likita ya duba hoto ya ce na hagun za a haɗe.

Na ɗaure shi yadda aka saba, na yi masa shafe mai kyau har ina sha'awar kaina, na sa ta a mota. Bayan sati biyu ta dawo. Ina janye mayafin da ta rufe hannun na ga ɓarna. An tsaga simintin daga sama har ƙasa da reza, an buɗe, an mayar an ɗaure da tsumma. Bakin tsagar har ya yi laushi saboda yawan buɗewa da rufewa. Raina ya ɓaci. Na manta ƙawar uwata ce, na wanke ta tas. Na ce mu muna nan muna wahala, ku kuna can kuna wasa da aikin mutane, in ƙaiƙayi ne wa bai taɓa jin ƙaiƙayi ba. Ta sunkuyar da kai ta ce in yi haƙuri.

Da na huce na yi mata tambayoyin da na saba. Ya hana ta riƙe tsintsiya? A'a. Tallafe ƙwarya fa? A'a. Ɗaura zane, jan guga, riƙe tukunya in tana tuƙi? Duk ta ce alhamdu lillahi. Na tambaya ko akwai wani abu kuma. Ta dubi mutanen da ke zaune a kan benci suna jiran layi, maza uku ne, duk kunnensu yana wurinmu, ta ce babu. Na jefa simintin a kwandon shara ban ko juya shi ba. Na je na gaya wa likita gwaji ya yi, a tsayar da hannun a haka.

Aiki ya yi kyau, wannan ba zan rage ba. Ƙashi ya haɗe, jijiyoyi suka kama, yatsun nan biyu suka tashi. Ranar da na cire simintin ƙarshe ta ɗaga kofi cike da ruwa da hannun hagu, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Likita yakan ɗaga hoton a gaban ɗalibai. Ni ma da na je gida na gaya wa mahaifiyata an gyara mata ƙawarta.

Ramar ce ban kula da ita ba. Na ga ta zube, na ce jinya ce. Zuwa na biyu ta ƙara zubewa, likita ya rubuta maganin ƙarin jini. Na uku ba ta zo ba, na huɗu ma haka. Da kaka, an fara yankan gero, na zo hutu Balan, mahaifiyata ta ce ta ji an ce Asabe ko suna ko gaisuwar mutuwa ta daina fita, in je in dubo mata ita. Na ari babur na kama hanyar Toranke.

Hansatu ta tare ni a bakin zaure. Ta ce in ta kai tuwo haka take ɗauko shi, an ɗan taɓa gefe ko ba a taɓa ba. Koko rabin ludayi, shi ke nan wuni. Ta yi tambaya, ta yi roƙo, Gwaggo ta ce ba ta jin yunwa. Ita dai a ganinta aikin asibitin ne ya taɓa mata ciki.

Na same ta a inuwar rumbu, zane na neman zamewa daga jikinta. Muka gaisa, ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi birni. Na karɓi hannun na duba, babu kumburi, babu zafi, tabo ya kwanta lafiya. Na ce Gwaggo, hannu ya warke, me ya hana ki cin abinci? Sai ta juya mini baya ta fuskanci rumbun, don ba magana ba ce da ake yi ido cikin ido da ɗan da aka goya.

“Ɗan nan,” ta ce, “ka tambaye ni tsintsiya, ka tambaye ni ƙwarya. Ba ka tambaye ni buta ba.”

Ta ci gaba a hankali, tana zagaye maganar. Da can, da ciwonsa da komai, hannun a sunkuye yake, yana kaiwa inda ake so ya kai in za a yi tsarki. Yanzu ya ɗaga sama ya ƙage, kafaɗa da gwiwar hannu kuma ciwon ya riga ya riƙe su, ba sa taimako. Abin da ya sa ta tsaga simintin gwaji ke nan, kullum in za ta zaga sai ta zare shi, in ta gama ta mayar. Lokacin simintin tiyata ta daure ta yi da hannun dama, tana cewa in an cire zai wuce. Aka cire, bai wuce ba.

Na ce ai lalura ce, ko malamai sun yarda a yi da dama in hagu ta gaza. Ta ce ta sani, ta aika an tambayo mata liman a sakaye, haka ya ce, sallarta ba ta da shakka a kanta.

“Amma in na kai hannun daman can, ba ya zuwa bakina. Na gwada. Na wanke da sabulu, na wanke da toka, ina ɗebo loma sai zuciyata ta tashi. To na ga in ban ci ba, ba sai na zaga ba.”

Na kawo maganar cokali, ta ce cokalin da wane hannu za a riƙe shi. Na ce Hansatu fa? Ta ce 'yar mutane ce, ba ita ta haife ta ba, kuma ko ita ta haife ta, ba za ta yarda a wanke ta tana da ranta da hankalinta ba. Na zauna ina kallon bayanta, na ji na tsani hannuwana.

Na shiga birni na gaya wa likita komai, ban ɓoye tsagar simintin ba. Mutumin kirki ne, ya daɗe yana kallon hoton da yake alfahari da shi. Ya ce ana iya sake yanke ƙashin a sauke hannun, amma ƙashinta ya yi taushi, fatar kuma ba lallai ta jure wuƙa ta biyu ba. Duk da haka ya ce a gaya mata. Na kai mata saƙon, ta ce an yanka sau ɗaya ya isa. Likita bai ce laifina ba ne, bai kuma ce ba nawa ba ne. Ban iya gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata, don asirin ba nawa ba ne. Ban taɓa jin kaɗaici a aikin nan irin na kwanakin ba.

Sauran hutuna a ɗakin marigayi mahaifina na ƙarasa shi. Na ɗauko bandeji na ɗaure nawa hannun hagun daidai yadda na ɗaure nata, da hannu ɗaya da haƙori, na ƙara ɗaure damtsen a jikin haƙarƙari da tsohon rawani don kada kafaɗa ta taimake ni. Na ce wa mutanen gida targaɗe na yi. Na ɗauki buta na zaga. Ba sai na yi muku bayani ba. Abin da ban gano ba da tambayoyi goma, na gano shi kafin ruwan butar ya kai rabi.

Kwana huɗu na yi da simintin nan ina gwaji. Na samo bututun roba irin na famfo a kasuwar Gaya, na gasa shi a kan gawayi har ya yi laushi, na baje, na lanƙwasa. Na farko ya yi gajarta. Na biyu ya yi kaifi a baki ya yanke ni, na kuwa cancanci haka. Na uku na goge shi da samfefa har ya yi santsi kamar bayan cokali, na yi masa mariƙi da zai zauna a tafin hannu da maɗauri a sangalin hannu, yadda ƙarshensa zai sauka ya yi lanƙwasar da wuyan hannun ya daina yi. Ba ya riƙe dauɗa, ruwa da sabulu sun ishe shi. Butar ma na ƙara mata tsawon baki da guntun tiyo. Ba abin nuna wa ɗalibai ba ne, amma a duk abin da na yi da hannuna ba wanda na yi wa gumi kamarsa.

Kai mata shi ya fi yin sa wuya. Ba abin da zan miƙa mata hannu da hannu ba ne, balle in tsaya bayani. Na naɗe shi da butar a baƙar leda na je Toranke, muka gaisa, muka yi maganar gero da tsuntsayen da suka addabi gonaki. Da zan tafi na ce zan kama ruwa. Na zaga bayan ɗaki na rataye ledar a jikin danga inda ba za ta kasa gani ba, na fito na yi sallama.

Sati uku ban koma ba, tsoro nake ji. In ta jefar fa? In ta ɗauka cin fuska ne fa? Wata Lahadi dai na daure na je, da azahar. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ɗaki ta fito da kwano biyu, tuwon gero da miyar kuka, ita ta tuƙa da kanta. Ta ajiye mini ɗaya. Na jira ta koma ɗaki da nata, don tunda nake ban taɓa ganin Gwaggo Asabe ta ci abinci a gaban namiji ba, matan zamaninsu ba sa yi. Sai ta zauna a bakin tabarmar, ta ɗan ba ni gefe, ta wanke hannun dama, ta yi bisimilla. Loma ɗaya, loma biyu, a hankali, idonta a kan danga. Ta cinye malmalar tas, ta suɗe kwano. Ni kuwa daɗi da kunya suka haɗe mini. Da ta gama ta ce in gaishe da mahaifiyata. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan.

Tun daga shekarar, duk wanda za a haɗe wa wuyan hannu ba na tambayarsa a gaban layi. In fitar da kowa in rufe ƙofa. Mace kuwa in haɗa ta da ma'aikaciyar jinya mai shekaru, ni ma in fita. Hannun hagu in ɗaure shi a miƙe ko ya ɗan sunkuya, in miƙa wa mutum buta cike da ruwa in nuna masa bayan gida tun kafin ya bar asibiti. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, ban damu ba. In kun ga an tsaga aikinku, kada ku fara da faɗa. Ku zauna ku tambayi kanku me ya kai mai ciwo ga ɗaukar reza da hannu ɗaya.

Gwaggo Asabe ta yi shekara shida bayan nan. Ba ta sake zuwa asibiti ba, ni ma zuwana ya ja baya, don na lura ganina yana takura ta. Ina birni aka yi jana'izarta, sai ranar sadakar uku na iso. Ɗanta ya zo daga kudu, ya yi ta yi mini godiya a kan aikin da aka yi wa tsohuwarsa, na karɓa. Da zan hau babur Hansatu ta biyo ni bakin zaure. Ta ce tana cikin waɗanda suka yi wankan gawa, kuma tana so in sani, har Gwaggo ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa riƙe mata buta, wankan nan shi ne farkon ranar da hannun wani ya taɓa jikinta. Sannan ta sassauta murya.

“Sai dai hannun hagun nan, Malam, ya ƙi kwanciya. Mun yi mun yi, yana ɗage. A haka muka sa ta a likkafani.”

Na ce mata na sani, ni na auna shi.